Motar da Ɗan Garinmu Ya Sayar Mini a Setapak

Lokacin da abin ya faru ni tsohuwa ce mai sayar da turaren wuta, mijina ya rasu, karatun ma sai da na yi jikoki na koye shi a ajin manya. Na je Maleshiya ne wankan jegon autata, mijinta yana karatun dakta, suna wani ɗan gidan bene a Setapak. Ban gama gasa mata jiki ba korona ta rufe hanya. Kuɗin da na tara don aikin Hajji suna hannuna, Hajjin kuma an dakatar. Jaririn ga yawan ciwon ƙirji, kullum sai an kira motar haya zuwa asibiti, kowane direba da tarinsa. Na ce a sayi mota da kuɗin, in hanya ta buɗe a sayar in tafi Makka.

Akwai wani yaro ɗan garinmu, ya bar karatu ya koma dillancin motoci. Inna yake ce mini. Duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya ce makan ɗin Malayu, wato abincinsu, ya ishe shi, in yi masa tapau ɗin tuwo, wato in ƙunsa masa ya tafi da shi. Bayan wata ambaliya da aka yi a garin ya zo ya kwashe turaren da na haɗa gaba ɗaya, wai na biki ne. Ba a jima ba ya kawo mota fara tas. Da na shiga na ji ƙamshin turarena, har da ƙwalla, na ce yaron nan ya san darajar uwa. Surukina ya ce a kai wa makanike ya duba. Na balbale shi da faɗa, na ce a garinmu ba a binciken kayan wanda ya ci tuwonka, cin fuska ne. Ya janye maganar don kunyar suruka. Muka yi Allah ya sa albarka, na biya.

Da ƙamshin turaren ya gushe sai warin taɓo ya taso. Ranar da ƙirjin jaririn ya tashi, motar ta mutu mana a tsakiyar titi kusa da Titiwangsa, 'yata na kuka, wani Bamalaye ne ya ɗauke mu. Makanike ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, laka ce danƙare. Ya ce ta kwana cikin ruwa har rufi, gyaranta asara ne. A nan na gane bikin da aka saya wa turarena.

Na kira yaron a waya, ya ce in yi haƙuri Inna, ƙaddara ce, daga nan ya daina ɗauka. Surukina ya ce akwai ƙaramar kotu ta masu saye, ba a shiga da lauya, kai da bakinka. Da labari ya fita manyan ɗalibai 'yan ƙasarmu suka zo har gida, wai kada in tona asirin ɗan uwa Musulmi a ƙasar mutane. Garin ba ni baki ɗayansu ya ce ai su ma sun ga motar a ruwa, sun ɗauka ya gyara. Na tambaye shi ko ranar da na saya bakinsa ciwo yake. Na ce su sha ruwansu su tashi.

A kotun kowa da takunkumi, surukina na fassara mini. Yaron ya tsaya da kwat, ya ce bai san ni ba sai a ciniki, an ba ni damar dubawa na ƙi. Madam ya kira ni. Wallahi ba lakar ce ta fi ƙona mini rai ba, wannan madam ɗin ce. Kuma maganar ƙin dubawa gaskiya ya faɗa, na amsa da bakina. Mai shari'ar ta duba hotunan makanike ta ce ya ɓoye aibi, ya mayar da kuɗi. Ya biya kaɗan, ya rufe shago, aka ce ya ƙetara wata ƙasa. Matan unguwa suka daina sayen turarena, wai na kori yaro daga abincinsa. Da aka buɗe Hajji, sa'o'ina suka tafi, ni ina gida.

Abin da na koya, kunya ce ta cuce ni, tawa da ta surukina da ta waɗanda suka gani suka yi shiru. Ku mata irina da ake kai ku ƙasashen waje wurin 'ya'ya, jin Hausa a bakin mutum ba shaidar amana ba ce. Ko ɗan cikinki ne ya kawo mota, a kai wa makanike. In yaro ya ce a duba, kada ki rufe masa baki da girma. Wanda kuma ya san aibin kaya ya bar tsohuwa ta saya, ya sani ni ban yafe ba, akwai kotun da ba a gudu.