Malam Ɗahiru, Matuƙin da Ya Karya Alkawarin Kwata

Da an sallame asuba, Malam Ɗahiru yakan gangara kwata, mashigin jirage a bakin ruwa can ƙasa da garin Wara, ya shimfiɗa buhu cikin rumfarsa, ya jera sifanoni. Duk injin jirgin da ya ƙi tashi, nan ake sauke shi. Bana ido ya ƙi, ƙaramin noti ma sai ya laluba, don haka ya ce zai ajiye aiki. Ya kamata a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Da can matuƙin kwalekwale ne. Shi a baya, amininsa Jabiru a gaba, suna fiton mutane da buhunan albasa tun suna samari. Sai jirage masu inji suka cika kwata. Wa zai jira filafili alhali ga abin da zai kai shi tsallake kafin rana ta yi zafi? Matuƙa suka koma zaman inuwa, suna kallon abincinsu yana wucewa da hayaƙi.

Bayan an yi Jihar Kebbi, aka aiko cewa gwamnati za ta koya wa matuƙa gyaran inji, amma gurbi ɗaya ne rabon kwatarsu. Matuƙa suka taru, suka yi alkawarin ba mai zuwa.

"Abin da ya kashe muna kasuwa, mu kuma mu koma yi mai bauta?" in ji Jabiru. "Gara yunwa."

Ranar kasuwa Ɗahiru ya hangi Fatsuma, matar Jabiru, ta fito da kwanonin ɗakinta tana neman mai saye. Washegari ya hau mota zuwa wurin koyon gyaran.

Can ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa, ga furfura, ga rashin karatu, suna yi masa dariya yana haɗiyewa. Da ya dawo ba wanda ya tarye shi. Suna kawai suka laƙa masa, Bawan Inji. Ya ajiye kaya ya nufi gidan Jabiru.

"Taho in gwada maka. Wallahi ba don kaina na tai ba."

"Ja da baya, warin baƙin mai kake. Tare munka yi alkawari."

Sauran kuwa yunwa ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Surajo, wanda ya fi kowa zaginsa, shi ya fara zuwa, wai aron wuƙa. Ɗahiru ya miƙa masa sifana, bai tuna masa komai ba. Duk wanda ya iya sai ya kafa tasa rumfa, ya janye masa masu kawo gyara. Matarsa Zainabu ta ce, "Malam, naman jikinka kake yanka kana rabo." Ya ce, "To in bar su su ci mi? Ruwa?"

Jabiru bai zo ba. Ya kwashe iyali ya yi Kontagora, inda yake tura jarkokin ruwa a baro. Ɗahiru ya bi shi har can. Jabiru ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambayi mutanen gida, bai yarda an yi zancen komawa ba.

Kai ne ka ɗauki zagi don gidajen wasu su yi hayaƙi, Ɗahiru. Kai ne ka shiga ƙofar da aka buɗe wa mutum ɗaya, ka tokare ta da ƙafa har jama'a suka wuce. Ginshiƙin kwata, mun gode. Allah ya saka, ya haskaka maka gani.

Yanzu ana cewa wata na'ura ta fara shiga ofisoshi, za ta zaunar da akawuna. In haka ne, gwamnati ta yawaita gurabe, wanda ya samu kuma ya yi irin ta Ɗahiru.

Da tsofaffin matuƙa suka je yi masa godiya, ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce, "Kowa na koya wa, ban da wanda na tai dominsa."