Rediyon Baffa Sale da Ya Ce Sai da Safe

Shekara uku ke nan da rasuwar Baffa Sale, ƙanin mahaifina. Na so in buɗe wannan rubutu da jero halayensa na kirki kamar yadda manya suke yi, amma dole in fara da wautar da na tafka a damunar da ta wuce, don ita ce ta tuna wa gidanmu irin mutumin da muka rasa. Batirin motarsa na cire. An ɗauke wuta ana dab da fara ƙwallo, yaran unguwa sun cika zaurenmu suna kallona kamar ni na ɗauke ta. Na ɗauko sifana, na kwance batir, muka jona wa ƙaramar talabijin ɗinmu mai baƙi da fari. Aka kuma ci mu. Na mayar da batir wurinsa, na ɗaure tamau, har ƙura na barbaɗa masa don kada a gane an taɓa.

Na san da doka. Baffa ya bar mana dokoki da suka fi kifin kasuwar Hadejia yawa, kuma ko ɗaya bai bar dalilinta ba. Kada a juya eriya ta hagu. Kada a ɗora buta a kan akwatin kayan aikinsa. Babbar cikinsu ita ce ba a raba motar nan da batir: in za a canza, sai a jona wani da waya tukuna a cire tsohon. Babana, wanda motar ta dawo hannunsa, ya bi wannan doka duk shekarun nan bai taɓa tambayar dalili ba. Ni kuwa na ɗauka irin tsirfar Baffa ce kawai.

Baffa mai gyaran injin ban ruwa ne, yana taɓa rediyo kuma. Tun ina ƙarami nake ganin manoman fadama suna ɗauko masa injinsu a amalanke daga Guri, wasu daga Kafin Hausa. Ba ya fara buɗe inji. Sai ya sa a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce wa mai shi, "Yashi ka ba shi ya sha." Rediyon da ya ƙi magana kuwa, mari ɗaya yake fara yi masa a gefe, kuma rabin rediyoyin garin nan da marin Baffa suka warke. Wannan mutumin ne, shekara guda kafin ya rasu, ya je ya sayo mota 'yar Kwatano ƙirar Jamus, mai rediyon da ba shi da allura ba shi da abin murɗa tasha, sai maɓallai shida da ɗan gilashi mai koren rubutu.

Tun da ya rasu, kakata Hajja, mahaifiyarsu, ta mayar da motar nan ɗakinta na biyu. Baffa ne autanta. Kullum bayan la'asar sai ta fito da carbinta da goronta, ta shiga kujerar mai zaman banza, ta bar ƙofa a buɗe, ta danna maɓalli na farko. Tana da rediyo lafiyayye a ɗakinta, amma ta ce muryarsa siririya ce. Kowa ya san ba murya ba ce maganar. Tashoshi shidan nan da yatsan Auta aka saka su, kuma babu wanda ya isa ya taɓa su. In Baba zai yi tafiya da yamma, sai ya nemi izini kamar mai aron jaki.

Washegarin ƙwallo Hajja ta shiga, ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ta ƙwala wa ƙanwata Ummi kira, wadda take aji uku kuma take karanta duk abin da ya tsaya a gabanta, har buhun taki.

"Zo ki duba mini, me ya rubuta?"

Ummi ta leƙa. Haruffa huɗu ne a gilashin: SAFE. Ta karanta da Hausarta tsaf, "Sa-fe. Hajja, ya ce safe."

"Safe?" Hajja ta gyaɗa kai. "To. Halin mai shi ya ɗauko."

Nan fa ta kama gaskiya, don duk wanda ya taɓa kai wa Baffa gyara ya san amsarsa. Ko da sassafe ka je masa, sai ya dubi abin ya ce, "Sai da safe." Akwai wani mutumin Jahun da ya yi ta zuwa karɓar rediyonsa har ya yi aure a unguwarmu. Hajja ta juyo kaina ta ce, "Kai mijin banza, kai da ake biya wa kuɗin boko, haka ne?" Ni ɗan sakandare ne, na san akwai kalmar Turanci mai waɗannan haruffa. Amma na ga an miƙo mini dare guda kyauta, sai na ce, "Ƙwarai kuwa, amarya. Hutawa yake yi."

Da gari ya waye, Hajja ta idar da salla ta fito da bargo ta shiga mota. Rediyo ya ce safe. Ta ce wataƙila hantsi yake nufi. Hantsi ya yi, ya ce safe. Kashegari ma haka, da wanda ya biyo shi. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk laima, tsohuwa tana zaune cikin ƙarfe mai sanyi tana jiran gari ya waye wa rediyo. Tari ya fara kama ta. Innata ta yi magana, Hajja ta ce ita ba da kowa take zaune ba. A nan dariyar ta fara ƙare mini.

Maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin makaranta mutumin Jos, shi ya warware. Ya taɓa riƙe irin motar. Ya leƙa sau ɗaya ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wa ya cire batir?" Baba ya ce ba a taɓa cirewa ba. Ummi, Allah ya shirye ta, ta ce, "Yaya ne, ranar ƙwallo." Abin da ya biyo baya ba na jarida ba ne. Ya isa in ce har yau kunnena na dama ya ɗan fi na hagu tsawo.

Bayanin Malam Bitrus shi ne ya fi ƙona mini rai. Wai a cikin rediyon akwai wata 'yar ƙwaya baƙa mai ƙafafu kamar ƙwaro, kuma a cikinta masu ƙira suka cusa umarni: duk sa'ad da wuta ta yanke daga batir, to ɓarawo ne ya sace ka, ka kulle bakinka sai an danna lambobi huɗu na mai kai. Kalmar nan ta Turanci ce, wai yana sanar da mu ya tsare kansa. Daga wa? Daga Hajja. Wani mutum a can ƙasar sanyi, wanda bai taɓa ganin an ɗauke wuta ana tsakiyar ƙwallo ba, ya zauna ya yanke hukunci cewa ba mai cire batir sai ɓarawo. Da ya zo Hadejia ya ga aikin batir. Da shi ake kallo, da shi ake lasifikar biki, da shi ake tayar da motar maƙwabci. A lissafinsa duk garinmu ɓarayi ne, har da liman.

Lambar kuwa a kan ɗan kati take zuwa tare da mota. Muka birkice gida ba kati. Matar Baffa ta ce ta tuna ya haddace wani abu ya cusa takardar a murhu, wai kada ta faɗa hannun yara. Yaran nan ni ne, na sani. Amma Baffa, don Allah, mutum ya bar doka ya tafi da dalilinta, ya bar makulli ya tafi da lambarsa?

Aka shiga canke. Baba ya danna lambar mota, rediyo ya ƙi. Ya danna ta shagon Baffa, rediyo ya sake ƙi, ya kuma yi fushi: sai an bar shi a kunne kusan awa guda kafin ya yarda a sake gwadawa. Na'ura mai yaji kamar amarya. Malam Bitrus ya ce a gwada shekarar haihuwar Baffa. Aka tambayi Hajja, ta ce, "Shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa, kakanku ya sayar da akuyar nan mai ƙaho ɗaya." Malam Bitrus ya ce, "Mama, lamba yake so." Ta ce, "To ka danna masa hakan da lamba." Wani tsohon yaron shagon Baffa ya zo ya gwada maganin maigidansa, ya zabga wa rediyon mari. Rediyo ya ce safe.

Nakan tambayi kaina abin da Baffa zai ce da ya ga inda aka kai yanzu. Bidiyon gidan kawuna tun ranar da aka sayo shi yake ƙifta ƙarfe goma sha biyu, ba wanda ya iya lallashinsa. Agogunan hannu masu lamba suna kuka a sahu ana tsakiyar salla, masu su ba su san ta inda ake kashewa ba. Sababbin motocin da ake shigowa da su an ce suna da ƙwaƙwalwa, kuma ƙwaƙwalwar ba ta son ruwa, a ƙasar da rabin shekara hanyar Guri kogi ce. Makanike ya kasa kunne ya ji inji lafiya lau, mota ta ce ita ba ta tashi. A da na ɗauka Baffa zai yi tsaki ya koma wa injinan ban ruwansa. Yanzu ina zargin daɗi zai ji. Ya sami abokan hali: masu taurin kai, masu doka ba dalili, masu riƙe sirri har kabari. Ina jin don haka ma ya sayi motar.

Ni aka sa in gaya wa Hajja gaskiya, tunda ni na fara yi mata ƙarya. Na same ta a motar da bargonta, na tsuguna a bakin ƙofa na ce kalmar ba Hausa ba ce, ba safiya yake nufi ba, kuma ko ta shekara a nan ba zai yi magana ba. Na shirya wa zagi. Ta daɗe tana kallon koren rubutun, sannan ta ce, "Wato ba jira ya ce in yi ba."

Na ce a'a.

Ta miƙo mini hannu na tashe ta. Ban taɓa jin nauyin Hajja ba sai ranar, ita da ba ta kai buhun ƙaiƙayi ba.

Idan aka ce in faɗi abin da ya rage na Baffa, zan ce injinan da ya gyara suna nan suna tofar da ruwa a fadama, wasu da wayar da ya ɗaure da hannunsa. Dokokinsa ma suna nan. Yanzu ba mai juya eriya ta hagu a gidanmu, ni ne ma ɗan sandan dokar, don ban san abin da zai kulle ba in aka juya. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ni ma na kusa yafe masa.

Rediyon dai ba mu taɓa gano lambarsa ba. Baba ya ciro shi ya ba wani direba ya kai Kano. Mai gyara a can ya cire 'yar ƙwayar ya jefar, ya saka wata, ya aiko da sabuwar lamba, sifili huɗu. Rediyo ya dawo yana magana ras, amma maɓallan shida duk babu komai a cikinsu sai shuu. Ni na zauna na sake saka tashoshin, Hajja tana tsaye a kaina tana cewa na saɓa jeri. Tarinta ya warke, ta kuma koma zamanta na bayan la'asar, ko da yake ba kullum ba. Sai dai ta daina cewa rediyon Auta. Yanzu in za ta aike ni, cewa take yi in je in kunna mata rediyon Kano.