Tagar da Fundi Bwanaheri ya zana da gawayi

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, daidai da sha biyu ga Sha'aban, bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran Fundi Bwanaheri Famau, babban maginin tsohon garinmu (Fundi muke ce wa gwanin magini a nan) kuma dattijo a kwamitin da ke duba gyaran gidaje. Ya rasu a gidansa yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar kwana shida. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ina goga kwakwa a tsakar gida labarin ya same ni. Na ajiye kwanon, na shiga ɗakin 'yata Zuena, na tsaya ina kallon bango.

Fundi, ba ka taɓa shiga gidana ba sai ka tsaya a dakalin ƙofa ka tambayi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. To bari in fara da abin da za ka fara tambaya. Maigidana Shebwana lafiyarsa ƙalau, ya koma teku, sai dai gwiwar nan tasa. Mahaifiyarsa Bi Rukia tana ci tana sha tana faɗa da kowa, ka san lafiyarta ke nan. Jakarmu ta warke daga ciwon baya. Ni ina nan a tsaye. Zuena ce ba lafiya. Sau uku a makon nan numfashinta ya sarƙe, sau ɗaya sai da muka kai ta asibiti, kuma likita ya sake faɗar abin da ya faɗa bara: ɗakin da take kwana ne ke cin ƙirjinta.

Ban iya rubutu mai kyau ba. Ina da shekara arba'in da huɗu na fara riƙe fensir, kuma kai ne sanadi. Saboda haka duk wanda ya ga gargada a takardar nan ya yi haƙuri ya karanta ta haka nan.

Shekara shida ke nan wani mai hali daga waje ya sayi gidan da ke jikin namu don ya mai da shi masaukin baƙi. Dokar tsohon gari ta ce ba a taɓa gini sai kwamiti ya yarda, kwamiti kuma ba ya yarda sai maƙwabta sun sa hannu. Wakilin mutumin ya zo da takarda da ƙunshin alewa, Shebwana yana teku. Ya ce mini maganar magudanar ruwa ce. Na dangwala yatsa, har na yi masa godiya. Bayan kwana uku ka buga ƙofata da sassafe, takardar tana hannunka. Ka ce, "Mama Zuena, kin san abin da yatsanki ya faɗa a nan?" Na ce ruwa. Ka karanta mini. Ashe na yarda ne a ɗora bene na uku a kan katangar da iska da rana ke bi su sauko tsakar gidana.

Ku takwas ne a zaman kwamiti. Kai kaɗai ka ce a'a. Ka gaya musu matar ba ta san abin da ta dangwala ba, suka ce yatsa yatsa ne. A zama ɗaya aka amince da bene guda. Ka dawo ka gaya mini da bakinka, ba ka aiko kowa ba, ba ka kuma ce mini wawiya ba, ko da yake ni na faɗa wa kaina sau ɗari. Sai ka zaro fensirin nan mai faɗi daga bayan kunnenka ka ba ni, ka sa matarka Bi Tima ta raka ni ajin manya da ke bayan masallaci. Ka ce daga yau kada yatsana ya ƙara yin magana ban ji ba.

Benen ya tashi. Tsakar gidana ta koma kamar rijiya. Wanki ya daina bushewa, bangon ɗakin Zuena ya fara zufa, funfuna ta kama bayan gado. A daminar da ta biyo baya yarinyar ta fara tari, tana da shekara goma sha ɗaya.

Shebwana ya so ya taimaka. Ya sayo siminti buhu biyu ya shafe bangon da kansa, yana ta jin daɗi ya yi sumul. Ranar da ka gani ka shafa bangon da tafin hannunka. Can ka ce, "Shebwana, kai da kake kamun kifi, ka taɓa sa wa mutum rigar leda a watan zafi ka ce ka yi masa maganin gumi?" Ka nuna masa cewa bangonmu na dutsen teku ne, yana shan ruwa yana fitarwa, farar ƙasar da ake ƙonawa daga dutsen ita ce ke barinsa ya yi numfashi, siminti kuwa toshe shi yake yi, gishiri ya zauna a ciki yana ci. Shebwana ya ce to a cire mana. Ka ce sai da izini. Ya ce ai shafawar ba da izini ya yi ba. Ka ce shi ya sa ga shi nan.

Haka kake. Na sha jin haushinka a kan wannan, ba zan ɓoye ba don ka rasu. Ɗan ƙanwarka ya kafa ƙofar ƙarfe a gidansa, kai ka kai ƙararsa, ya yi shekara ba ya gaishe ka. Kana cewa in kowa ya yi abin da ya ga dama da bangonsa, shekara ashirin ta isa jikokinmu su nemi garin su rasa. Na yarda da wannan a da, yau ma na yarda. Ba dokar nake kuka da ita ba. Masu riƙe da ita nake kuka da su.

Abin da na nema ƙarami ne. A cire simintin, a mayar da farar ƙasa, a buɗe taga ɗaya a bangon arewa, can sama, faɗinta kamu ɗaya, don iska ta ratsa ɗakin. Ni na rubuta takardar neman da hannuna, na yi kwana huɗu a kanta. Zama na farko suka ce taga za ta ɓata fuskar lungu. Zama na biyu mutane ba su cika ba. Zama na uku takardata ta ɓata, na sake wata. Zama na huɗu suka ce baƙi na ɗaukar hoton wannan lungun. Na tashi na tambaye su ko baƙin sun ɗauki hoton benen da ke gefe, aka ce in zauna, ba a ba ni magana ba. Shekara biyu ina sintiri, ina zama a benci a waje, ina sauraron ana shan gahawa a ciki.

Kai ka gaji da gardama da su, sai ka zo ka tambayi bangon. Ka sa aka janye gadon Zuena, ka hau kujera, ka ciro makullin gidanka kana ƙwanƙwasa bango a hankali, kunnenka a manne. Bi Rukia ta ce wa ya mutu a ciki da ake masa sallama. Ka ce ta yi shiru, tsoho ke magana da tsoho. Kana ta tafiya da makullin har sautin ya canza, mu ma da ke ƙasa muka ji. Ka kankare wuri kamar faɗin tafin hannu, sai ga baƙin itace a kwance a cikin dutse. Ka juyo kana dariya kamar an yi maka haihuwa. Ka ce, "Mama Zuena, ba sabuwar taga kike nema ba. Kakannin mijinki sun yi ta a nan, wani ya toshe. Ga itacen samanta nan." Ka aika aka kawo gawayi daga murhu, ka bi sautin, ka zana kusurwa huɗu a bango. Sannan ka mayar da abin da ka kankare, don ka ce ko kai ba ka da izinin barinsa a buɗe.

Da wannan ka shiga zama na biyar. Ka ce musu dokarsu da kanta ta ce a mayar da gida yadda yake a da, to ga yadda yake a da. Sai suka amince. Ranar ashirin ga Janairu aka ba ni izini mai hatimi. Ka zaunar da ni a dakali ka ce in karanta maka da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa. Na karanta ina tuntuɓe, ba ka taimake ni ko sau ɗaya ba. Layin ƙarshe ya ce za a yi aikin a hannun Fundi Bwanaheri Famau. Na ji daɗin wannan layin fiye da sauran.

Na roƙe ka a fara washegari. Ka ƙi. Ka ce farar ƙasar da ka jiƙa mini a ramin bayan gidanka ba ta nuna ba, sai ƙarshen Sha'aban, in aka shafa ɗanya za ta tsage kafin ruwan farko. Na ce ƙirjin yarinya ba ya jiran rami. Ka ce in ba ka mako biyar, ka ba ni bangon da jikan Zuena zai jingina da shi. Na tafi ina fushi, ban ko yi maka sallama da kyau ba. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe. Ka yafe mini.

Ranar addu'ar uku 'yan kwamiti duk sun zo. Ina daga ɓangaren mata ina jin shugabansu yana cewa garin ya yi rashin ginshiƙi, cewa kai ne idonsu da kunnensu, cewa za su riƙe amanarka. Sun ci shinkafa, sun sha gahawa, sun shafa fatiha. Litinin da ta biyo baya na je ofishinsu da izinina, na roƙi a canza suna ɗaya, a sa Fundi Kombo, wanda kuka yi shekara ashirin da biyu kuna hawa tsani ɗaya, wanda ya san hannunka kamar nasa.

Magatakarda bai ɗago kai ba. Ya ce, "Mama, wannan takarda ta mutu tare da mai sunan. Ki sake nema, ki haɗo da hoton tsohuwar tagar."

Na ce tagar tana ƙarƙashin shafe, yaya zan ɗauki hotonta?

Ya ce in kankare.

Na ce ba a kankarewa sai da izini.

Ya ce, "To kin ga ke ma kin san doka."

Na tambaye shi yaushe za a zauna. Ya ce babu zama a azumi, bayan Salla kuma sai an cike gurbin marigayi, wataƙila watan shida. Watan shida, Fundi. Ruwa yana sauka a watan huɗu. Kai ka gaya mini farar ƙasa tana son mako uku na rana kafin ruwa ya taɓa ta. In wannan ranin ya wuce, Zuena za ta sake yin damina a ɗakin nan, kuma na ga yadda ta fita daga ta bara. Gidan ɗaki biyu ne, na biyun ma jikin bangon yake. Ba ni da inda zan kai ta.

Mutanen da suka karɓi yatsan jahila suka ɗora bene a zama ɗaya, su ne yau suke ce wa takarda mai hatiminsu ta mutu. Kwana uku kafin in je ofishinsu suna yabonka a kan tabarmar gidanka, sai ga sunanka ya zama dalilin hana ni. Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Da sun ce mini a'a kawai, da na san da su nake. Amma da kai suka rufe mini ƙofa, kai da ka yi shekara biyu kana tura ta.

Zanenka yana nan. Ban bar kowa ya share ba. Bi Rukia ta so ta rataya kalanda a wurin, muka yi kwana biyu ba ma magana. Zuena tana kwance tana kallonsa, wani lokaci ta ce mini tana jin kamar iska na shigowa ta ciki.

Ya Allah ka ji ƙan Fundi Bwanaheri Famau. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna, iskarta ta riƙa isa gare shi. Duk gidan da ya tsayar a garin nan, duk harafin da na karanta tun daga ranar da ya ba ni fensir, ka sa a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata da ta gidan Shebwana ga Bi Tima, da ɗansu Aboud da ke Mombasa, da 'ya'yansu mata Esha da Nuru, da jikoki, da Fundi Kombo, da duk maginan tsohon gari. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ya huta.

Na rubuta wannan takarda sau biyu. Ɗaya ta Bi Tima ce. Ɗayar zan miƙa wa shugaban kwamiti hannu da hannu, kuma ga shi nake magana yanzu. Farar ƙasar ta nuna, Fundi Kombo ya duba ramin jiya. Suna ɗaya nake roƙo a canza. Ina son amsa a rubuce, don yanzu ina iya karantawa, kafin Juma'ar farko ta azumi, bakwai ga Maris.

In ranar ta wuce ban ji komai ba, ba zan jawo wa Fundi Kombo asarar sana'arsa ba. Bi Tima ta ba ni gudumar mijinta. Asabar da hantsi, ƙofar gidana a buɗe, zan hau kujera da kaina, duk wanda yake son hoton tsohuwar taga ya zo da abin ɗauka. Fundi, na san ba haka ka koya mini ba. Alkawari ɗaya nake iya yi maka: ba zan wuce layin gawayinka ko da faɗin yatsa ba.

Mwanaesha Lali, Mama Zuena