Harshen da Kaltonga Ya Hana a Gidansa

Kaltonga masassaƙin kwalekwale ne a tsibirin Nguna, kuma duk karatunsa aji uku ne. Abin da ya fi tunawa da makaranta shi ne ƙoƙon kwakwa da malami ke rataya wa duk yaron da ya yi yaren ƙauye. Kaltonga ya sha shi har wuyansa ya saba.

Da ya yi aure ya haifi Leimara, sai ya kafa doka: ba mai yi wa yarinyar nan yaren ƙauye, sai na birni da ɗan Turancin da ya tsinta. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Kakar yarinyar ma ta rasu ba su taɓa doguwar hira ba, don tsohuwar ba ta jin na birni. Leimara ta yi karatu, ta samu aiki a Port Vila, babban birnin ƙasar, shi kuwa yana ganin ya yi dabara.

Bara mijin Leimara ya tafi tsinkar 'ya'yan itace a Ostareliya, ta dawo gida da 'yarta Toumelu. Ashe gwamnati ta sauya tsari: ƙananan azuzuwa da yaren ƙauye za a koyar, kuma iyaye za su riƙa zuwa bi da bi suna ba yara labari. Ranar da layi ya zo kan Leimara, ta tsaya gaban aji, kalma biyar ba ta haɗa ba. Yara suka yi ta dariya, Toumelu ta ce ita ta bar makaranta ke nan.

Kaltonga ya ajiye gizago, ya ce shi zai je a madadinta.

"A'a, Baba," in ji Leimara. "Uwarta aka kira. Kai ka hana ni, kai za ka koya mini."

Bai musa ba. Yanzu kullum da yamma tana kankare kwakwa yana faɗa mata sunayen kifi da na iska, tana maimaitawa a karkace. Toumelu ta koma aji, har takan gyara wa uwar.

"Mama, bakinki kamar na 'yan yawon buɗe ido."

Uwa da 'ya su yi dariya. Shi dai Kaltonga ba ya iya taya su. Sai ya sunkuyar da kai ya sake faɗin kalmar a hankali.