Tafiya Sakkwato Ɗauko Habu

Gusau

Ana kiran assalatu na isa tasha, raina a ɓace. Ƙanena Sani ne ya aiko daga Sakkwato, wai ɗansa Habu ya gagara da taurin kai, in zo in tafi da shi tunda ni malamar makaranta ce. Yaron da ko firamare bai shiga ba! Direba ya rantse yanzu za mu tashi, amma sai da rana ta fito.

Talata Mafara

Sojoji suka tsare mu a shinge, manyan motocin siminti kuwa suna wucewa ba mai ko kallonsu. Wani soja ya buɗe ƙullin daddawata ya shinshina.

"Mama, wannan fa?"

"Ta miya ce, ɗana. A ɗibar maka?"

Na sayi ƙosai, ya yi tsada kuma ya huce.

Sakkwato, Ƙofar Atiku

Bayan azahar na yi sallama, wani hayaƙi ya tare ni tun daga zaure. Tunda motoci suka cika gari Sani ya koma gyaran batir, kuma a tsakar gida yake narka dalma, dab da madafa. Habu na zaune cikin tokar yana tsotsar wani guntun dalma.

"Kin gan shi, Yaya," in ji Sani. "Sai in yi ta kira shina kallon ƙasa. Bugu ma ya bar yi mai aiki."

Na zagaya bayan yaron na saki faranti a ƙasa. Kaji suka watse, Habu bai waiwayo ba.

Asibiti

Washegari muka yini a layi. Likita ya duba kunnen bai ga ciwo ba, sai ya tambayi sana'ar uban. Da na faɗa, ya ajiye alƙalami. Ya ce ƙurar dalma na shiga jinin yara ta lalata musu ji a hankali, kuma abin da ya tafi da wuya ya dawo. A raba yaran gidan da ita yau.

Na kai wa Sani maganar, ya yi tsaki.

"Ni da nike aikin, mi ya same ni? Shago kau ina nika samu nai?"

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Matarsa dai hawaye kawai take.

Komawa

Mun sauka Gusau da magariba lafiya, godiya ga Allah da maƙwabtan da suka riƙe mini gida. Habu ya ci tuwo ya yi barci ba wanda ya taɓa shi. Ni ce na kasa cin komai. Kafin mu taso na roƙi Sani ya haɗa mini da ƙanwar yaron, ya ce ba a yaye ta ba. Na baro ta a tsakar gidan nan, ta fara rarrafe.