Kawu Mani Ja-da-Baya da 'Yar Ladinsa

Duk wanda ya san Kawu Mani mai hoto a Yelwa ya fi sanin tafiyarsa ta baya a kan ta gaba. Da ya ɗora kyamara a ido sai ƙafafunsa su kama aikinsu. Ya ja baya, ya ƙara ja, hannun hagu yana yi wa mutane alama su matse, baki yana ta "saura kaɗan, saura kaɗan," ba ya ko waiwayen abin da ke bayansa. Ya taka tiren mai goro, ya zauna daɓas cikin kwandon tumatir, ya taɓa kutsawa tsakiyar garken shanu da baya har sai da makiyayin ya riƙe masa riga. Da haka ya samo sunan Ja-da-Baya, kuma ku shaida ne, in an kira shi da shi amsawa yake yi da fara'arsa.

Ni Bello ɗan ƙanwarsa ne, a shagonsa na koyi sana'ar, saboda haka na san inda tafiyar nan ta samo asali. A cikin kowace kyamarar zamani akwai ɗan faranti da ke karɓar haske, mu masu hoto muna ce masa sensa. Na kyamarar Kawu ƙarami ne, irin wanda muke kira kurof, wato yana yanke gefe da gefen abin da ke gabanka. Gilashin da ke bakinta kuwa tun zamanin fim yake tare da shi, guda ɗaya tal, ba ya zuƙowa ba ya sakewa. In mutane sun yi yawa, ba yadda za a yi su shiga sai mai hoton ya yi nisa. Ranar Lahadi ya sayo kyamarar, ya raɗa mata 'Yar Ladi, yana goge ta da bakin rawaninsa, yana yi mata magana kamar tana ji.

Da na buɗe nawa shagon sai na daure na sayo mai babban faranti, wadda ake kira ful-firem. Tana ɗaukar fili da faɗi, tana gani a ɗaki mai duhu, tana kuma narkar da bayan mutum ya fito shi kaɗai tas, irin hoton da amaren yanzu ke mutuwar so. Na kai wa Kawu ya sa albarka. Ya ɗaga ta yana aunawa a hannu kamar mai tayin kifi, ya ce wannan ai sai mai ƙaton wuya, nan take ya sa mata suna Hajiya Babba. Na yi dariya, amma raina ba daɗi, don na riga na ga abin da shi bai yarda ya gani ba. Aiki ya fara gudunsa. Masu biki sun koma wajen samari masu manyan kyamarori, shi kuwa ba gona ba jirgi, 'Yar Ladi ce tukunyar gidansa. Na ɗaura aniyar sai na raba shi da ita kafin ta raba shi da abincinsa.

Karon farko a bakin kwata muka yi, inda jiragen fito ke tsayawa. Masu jirage sun gina sabuwar rumfa, suna son hoton su duka a gabanta. Suka jeru, bayansu gari, gabansu ruwa, Kawu a tsakani. Ya soma ja da baya. Ruwa ya kama idon sawunsa, ya ce saura kaɗan. Ya kai gwiwa, ya ce na gefen dama ya matso. Ya kai ƙugu, mutane suna ta yi masa magana, ko a jikinsa. Sai da ruwa ya zo masa ƙirji, gwiwar hannu a sama, sannan muka ji ƙyas. Ya fito yana ɗiga, kainuwa a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya.

Na tare shi da tawul, na ce da Hajiya Babba ce a hannunsa, da wannan gilashin nasa ɗin, ko tafin ƙafarsa ba zai jiƙe ba.

Ya matse bakin rigarsa ya ce, "Kai Bello, riga ta jiƙe, rana ta busar min kyauta. Mi kuma Hajiya Babba za ta yi min wanda rana ba ta yi ba?"

Washegari da sassafe ya koma da sanda yana laluben takalmin. Bai samu ba, kuma ya ƙi jefar da ɗayan. Har damina ta zagayo Kawu yana yawo da ƙafa ɗaya ta fata, ɗaya ta roba, wai duk tafiya ce.

Na sake dabara. Na tuna masa cewa fim ɗin da yake yabo dare da rana, girmansa ɗaya da farantin Hajiya Babba, wato ni tsohuwar hanyarsa nake so in mayar da shi. Ya gyaɗa kai kamar maganar ta shige shi, sannan ya ce wancan fim ne, shi yana da tarbiyya. A nan na san da wanda nake yi.

Karo na biyu shi ya ci, kuma bai bar ni na manta ba. Akwai wani tsohon abokin cinikinsa, Baba Jibo, masunci daga wani ƙauye kusa da Wara. Ya yi sabon jirgi, an zizara masa fenti kore da ja, an ɗaura inji, ya taso takanas ranar kasuwa a ɗauke shi da shi. Kawu yana fama da zazzaɓi, sai ya tura ni. Na tsayar da Baba Jibo a kan yashi, jirgi a bayansa, na narkar da bayan nan yadda ake yayi. Hoto ya fito, kowace furfura ta gemunsa ana ƙirgawa. Na miƙa masa a gaban Kawu ina jiran yabo. Ya juya hoton sama, ya juya ƙasa.

"Yaro, ina jirgin?"

"Ga shi nan bayanka, Baba."

"Wanga kunun? Ni na san huskata, mutanen gidana ma sun gaji da ita. Jirgin nika so a gani."

Kawu da ke kwance cikin bargo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Zazzaɓin ma sai ya sake shi. Ya saɓi 'Yar Ladi suka tafi kwata, ya ɗauko hoton da har addu'ar da aka rubuta a jikin jirgin ana karantawa. Daga ranar, duk sanda ya gan ni da kyamara sai ya tambaye ni ko yau ma kunu za a dama. Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, hoton nan nawa ya yi kyau, mai shi ne bai dace da shi ba.

Karo na uku nawa ne, sai dai ban ji daɗin cinsa ba. An kira shi suna a gidan wani ɗan kasuwa, mai jego tana can cikin ƙuryar ɗaki, taga ɗaya, wuta kuma an ɗauke. 'Yar Ladi ba ta son duhu. Hotuna suka fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa musu gero. Kakar jaririn ta aiko da su shago, tana tambaya cikin ladabi ko yaron ƙyanda ta fito masa ba su lura ba. Kawu ya ce jaririn ne ya motsa. Aka ce barci yake yi. Ya ce to a mafarki ya motsa.

An yi dariya, labari ya zaga gari, kuma daga nan kiran cikin gari ya ɗauke masa kusan gaba ɗaya. Sai in wuce da rana in same shi a ƙofar shago, 'Yar Ladi rataye a ƙirji, yana gaisawa da masu wucewa da ƙarfi fiye da yadda ya saba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mutumin da ya ɗauki hoton auren iyayen samarin nan masu manyan kyamarori, yau yaran ke wuce shi da jakar kyamara a kafaɗa.

Na ɗauki Hajiya Babba, na kai wa matarsa Inna Kulu, na ce a ba shi aro, ba sayarwa ba, ba kyauta ba, don kada ya sami abin kamawa. Kamfaninsu ɗaya da 'Yar Ladi, tsohon gilashinsa zai hau bakinta daidai. Kawu ya karɓe ta da mutunci irin na baƙuwa. Ya ɗora ta a kan matashi, ya lulluɓe ta da ɗankwalin Inna Kulu, kullum safe ya leƙa ya yi mata ina kwana, amma ko maɓallinta bai taɓa ba. Sai da Inna Kulu ta ce muddin baƙuwar nan ba ta fita aiki ba, shi ma ya nemi inda zai ci tuwo. Kun san Kawu da tuwon shinkafa. Nan ya sauko.

A shekarar nan ruwa ya cika ya yi ɓarna a ƙauyukan bakin tafki. Bayan ya janye, Baba Jibo ya aiko cewa zai yi wa ɗansa aure, kuma Mani yake so, ba mai kunu ba. Kawu ya shiga jirgi da kyamara biyu, ɗaya a ƙirji, ɗaya a jaka. Washegari da la'asar ya shigo shagona ya ajiye Hajiya Babba a kan tebur. Na kunna ina dubawa. Kai, Kawu gwani ne! Cikin ɗakin amarya, inda 'Yar Ladi za ta yi ta ɗigo, komai ya fito fes, har zanen lallen hannu. Na ce to, yanzu fa?

Ya ce, "Tana da ido, ba ni gardama. Amma surutu gare ta."

Ya sa na matsa gaba zuwa wani hoto. Baba Jibo ne da iyalinsa cikin sababbin kaya, a ƙofar ɗaki ɗaya da ruwa ya bar musu a tsaye, an yi masa sabon yaɓe saboda biki. Kawu ya ja baya ya tsaya daidai inda ya saba tsayawa a gidan. Da 'Yar Ladi ce, mutanen da ƙofar kawai za ta ɗauka. Hajiya Babba kuwa ta kwaso har gefe da gefe. Ga katanga a zube, ga buhuna da aka ɗinke aka kare makewayi, ga rumbu ya kife, ga gadon ƙarfe a waje an jingine shi da duwatsu. Duk abin da aka yi ta dabarar kawarwa daga idon baƙi ya shigo, kuma ya fito tar.

Kawu ya ce yana sauke ta daga ido Baba Jibo ya zagayo ya leƙa allon bayanta, surukansa biye da shi. Tsohon ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, "Mani, ashe haka gidana yake."

Kawu ya ce bai san sanda ya mayar da ita jaka ba. Ya cire gilashin ya mayar wa 'Yar Ladi, ya ce a sake jeruwa, wancan gwaji ne. Ya ɗauka daga inda yake tsaye, ya nuna wa surukan, aka ga mutane cikin shiga mai kyau a ƙofar ɗaki mai sabon yaɓe, aka yi ta sa albarka.

Ban bar maganar ta wuce haka nan ba, don gyaranta mai sauƙi ne. Na ce da ya ɗan matsa gaba shi ke nan, ko kuma in yanke gefen a kwamfuta, ba wanda zai sani.

Ya ce, "Ƙahwata ta san wurinta, ba ta koyon sabon wuri yanzu. Kuma kai ka yanke a kwamfuta. Abin da Jibo yag gani gaban surukai nai, wa za shi yanke mai?"

Ya tsaya a kaina sai da na goge hoton, ya tabbata ya tafi, sannan ya yi wa Hajiya Babba sallama ya fita. Bai ƙara taɓa ta ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, aikin cikin gari bai dawo masa ba. Ni kuwa na ci gaba da tawa, har na ƙara ta biyu, kuma duk matashin da ya tambaye ni ko canjin zuwa mai babban faranti ya cancanci kuɗinsa, ce masa nake yi in aikinsa na ɗakuna masu duhu ne da manyan zaurukan biki, ya rufe ido ya saya, ba zai yi nadama ba. Kawu dai ya zaɓi mutanensa. Ya riƙa bin jirgi zuwa ƙauyukan Ngaski da Shanga, inda ake son a ga jirgi a ga koma, a ga mutum cikin rigarsa ta Sallah, a kuma tsaya nan. Yakan dawo jakarsa tana ƙamshin busasshen kifi, wani lokaci da ɗan buhun shinkafa. Tukunyar Inna Kulu ba ta taɓa kwana a kife ba, ko da yake miyar ta rage mai.

Ranar da Allah Ya karɓi ran Kawu, kafin azahar jirage sun cika kwata, mutanen da ban taɓa gani ba suna ta sauka. Bayan an dawo daga maƙabarta Baba Jibo ya nemo ni, yana dogara sanda. Na ɗauka zai tsokane ni da maganar kunu. Sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Kawunka ya san cikin gidajenmu duka, kuma bai taɓa kai mu kasuwa ba." Nan hawayen da nake riƙewa tun safe suka ƙwace mini.

Allah Ka jiƙan Kawu Mani, Ka sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa wa bayinKa asiri a bakin ruwan nan, Ka rufa masa nasa. Ka dubi kyakkyawan aikinsa, Ka kau da kai daga abin da ke gefe. Amin.