Takunkumin Fustuk

Duk wanda ya daɗe a unguwar Ma'adi ya san Ratib, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai karkatacciyar kafaɗa da ake gani kowace safiya a inuwar bishiyoyi, igiyoyi a hannu, karnuka na jansa gabas da yamma. Su ne ma suka karkata kafaɗar. Tun kafin rana ta fito yake barin unguwarsu ta Basatin, ya ci dafaffen waken nan da ake kira ful a tsaye a bakin hanya, ya tsallako unguwar masu hali, ya bi gida-gida yana kwasar karnukan da masu su ba su da lokacin fita da su.

Ba shi da ubangida, amma idan ka ce masa ai ya huta, harara za ka sha. Ba shi da hutun Juma'a, ba shi da na Salla, don kare bai san Salla ba. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, wayarsa ta cika da saƙonni, amma ko ɗaya babu mai tambayar jikinsa, kowa na son ya ji wa zai fita masa da kare. Yana tsince kashi da leda a gaban 'yan makaranta suna toshe hanci. Kayan sallarsa dabam yake ɗaure su a jaka. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah tana gaya wa maƙwabta wai a asibitin dabbobi ɗanta yake aiki, surukinsa kuwa in sun gaisa sai ya ɓoye hannu a baya har ya sami famfo.

Duk wannan ya shanye saboda abu ɗaya. A ɗamararsa akwai zobe cike da makullan gidajen mutane, kuma an ba shi su ne domin a duk shekarun nan ba a taɓa jin kare ya cutu a hannunsa ba. Wannan suna shi ne jarinsa, ba shi da wani. A irin wannan sana'a, magana ɗaya a guruf ɗin waya na masu gidajen unguwa ta isa ta rufe wa mutum kowace ƙofa.

To, duk shekara idan zafi ya shigo, haushin karnukan titi ya ishi mutane, sai a wayi gari an zuba wuyan kaji da guba a gindin shingaye. Ba a taɓa samun wanda ya ce shi ya sa a zuba ba. Sai dai ka ga gawarwaki a bakin titi, masu shara na jan su ta ƙafa. Da Ratib ya ga gawar farko a wannan shekarar, sai ya ɗaura wa karnukansa takunkumi gaba ɗaya, daga ƙaton har ɗan mitsitsin, kamar yadda ya saba. Kare mai takunkumi zai shinshina, amma ba zai haɗiye ba.

Kowa ya yarda sai Madam Shahinaz, matar Injiniya Mamduh, mai wani farin kare mai yawan gashi da ake kira Fustuk. Ita ba tafiyar ce ta dame ta ba, hoton ne. Yanzu haka sana'ar ta koma: kowace fita sai ka tura wa mai kare hoto, shaidar cewa ba a gidan shayi ka zauna ba. Ita kuma hoton take bazawa ga ƙawayenta. Da ta ga Fustuk da takunkumi sai ta ce an mayar mata da ɗa kamar ɗan fursuna. Ratib ya yi mata bayani har bakinsa ya bushe. Rannan da safe ta turo masa saƙon murya, ta ce ita ke biya, kuma idan ba zai iya cire wannan mummunan abu na ɗan lokaci ya ɗauki hoto ba, akwai masu neman aikin.

Ya san bai kamata ba. Amma ya san bakin Madam Shahinaz, ya san rabin makullan da ke ɗamararsa ta hanyarta suka zo. Ya zaɓi wuri mai tsabta kusa da gidanta, ya duba ƙasa, ya ɗaure sauran karnukan a jikin ƙarfe, ya kwance wa Fustuk takunkumi. Ya ja da baya, ya ɗaga waya. Kafin ya daidaita hoton, karen ya cusa kai ƙarƙashin shinge ya fito yana tauna.

Ratib ya cusa hannu har maƙogwaronsa, ya sha cizo, bai ciro komai ba. Ya ɗura masa ruwan gishirin da yake yawo da shi don irin wannan rana, ko zai amayar. Ya bar wa wani mai kanti sauran karnukan, ya rungumi Fustuk ya tare tasi, direbobi biyu suka ga kare suka wuce. Na ukun ya ɗauke shi, amma kafin su kai wurin likita jikin karen ya sandare a cinyarsa. Ratib ya yi kuka a cikin motar nan, don tun Fustuk na ɗan kwikwiyo yake fita da shi.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Madam Shahinaz ta rubuta a guruf cewa sakaci ne, wai mutumin yana latsa waya ya bar mata ɗa ya ci guba. Ba ta yi ƙarya a kan wayar ba, abin da ya fi ƙona wa Ratib rai ke nan. Shi kuwa ba ya cikin guruf ɗin, na masu gidaje ne, don haka aka yanke masa hukunci bai ji ko kalma ɗaya ba. Washegari aka fara karɓe makullai. Kuma don kunya ba mai karɓa da hannunsa, sai a aiko maigadi.

Baba Uwais, maigadin gidan benen su Madam Shahinaz, shi ya ja shi gefe ya miƙa masa shayi. Ya rage murya ya ce, “Ɗana, kada ka ce daga bakina ka ji. Mutanen benen nan ne suka haɗa kuɗi aka kira mai zuba gubar. Injiniya ne ma ya fi kowa matsawa, wai haushi na hana shi barci.”

Ratib bai sha shayin ba. Ya hau bene, hannunsa naɗe da bandeji, ya ƙwanƙwasa ƙofar da yake da makullinta. Ya ɗauka matar ba ta sani ba, har yana tunanin yadda zai faɗa mata ba tare da ya haɗa ta da mijinta ba. Ta buɗe, idanunta a kumbure, don kukan dai da gaske ta yi shi. Ya faɗa mata abin da ya ji.

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, “Ai na karnukan titi aka zuba, ba namu ba.”

“Madam, kin san an zuba?”

“Kowa ya sani.”

“Kin san an zuba a ƙofar gidanki, kika ce in cire masa takunkumi?”

“Kai ake biya ka lura. In ka san da haɗari, me ya sa ka cire?”

Tambayar da ta hana shi sukuni ke nan tun jiya. Cikin fushi ya ce mata saƙonta na nan a wayarsa, kuma sai unguwar nan kaf ta ji shi. Ta karɓi makullinta, ta ce ya je ya kunna wa duk wanda ya ga dama.

Ya kuwa je. Mako guda yana bin ƙofofi da waya a hannu kamar mai talla. Wasu ba su buɗe ba. Wasu suka ce suna sauri. Wani lauya da ya yi shekaru yana kiransa ɗan'uwa ya dafa masa kafaɗa, ya ce shi ba ya shiga maganar maƙwabta. Wannan fa shi ne halin unguwar, kuma har gobe yana ba ni takaici: sun yarda su ba ka makullin ɗakin kwanansu, amma ba za su ba ka kunne ba idan maganar ta taɓa ɗaya daga cikinsu.

Ƙofar ƙarshe ta Madam Ivon ce, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda ita ta fara ba shi aiki a Ma'adi. Ta shigar da shi, ta zaunar da shi a kujera, tsohon karenta ya zo ya ɗora kai a kan takalminsa. Ta saurari saƙon har ƙarshe, ta ce ya sake kunnawa. Ta share hawaye, ta ce Allah ya isar masa, an zalunce shi, kuma ita ta san ba a yi mai amana kamarsa ba. A karon farko tun mutuwar Fustuk, Ratib ya ji numfashinsa ya sauka.

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Amma ɗana ya bugo daga Kanada, ya ga abin da aka rubuta. Kuma da Shahinaz muke haɗuwa a kulob. Ka yi haƙuri, Ratib.”

Ta miƙo tafin hannu. Ya daɗe yana fama da zoben, don yatsun da aka ciza ba su gama warkewa ba, har sai da tsohuwar ta sa hannu ta taya shi cire makullin.